Fayil da Tarihinsa: Zaɓen Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe don Takardun Ofis



An nemi in yi magana a kan yadda ofis, ko na gwamnati ko na ɗan kasuwa, zai zaɓi manhajar da za ta riƙe masa takardunsa a kwamfuta. Amma kafin mu kai ga kwamfuta, ina roƙonku mu ɗan leƙa ɗakin ajiyar fayil irin na da, domin a can ma'aunin zaɓen yake.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a nan Kaduna zamanin tafireta ya san ladabin fayil. Takarda in ta iso, akawu ya buga mata hatimin ranar, ya ba ta lambar shafi, ya soke ta da zare a cikin bango. Kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa, ya sa hannu da kwanan wata, sa'an nan masinja ya kai wa na gaba. Ba a yage shafi, ba a kankare rubutu. Saboda haka fayil abu biyu yake ɗauke da su, watau maganar kanta da kuma tarihin maganar. Shi ya sa har yau ɗalibi zai tashi daga Unguwar Dosa ya tafi Gidan Arewa a titin Rabah, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ko ya tafi reshen Kaduna na ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, ya buɗe fayil na zamanin En'e, ya ga wanda ya ba da umurni da ranar da ya ba da shi.

To, kwamfuta ta sauƙaƙe mana rubutu, amma a ofisoshi da yawa ta cinye tarihin rubutun. Wani maƙwabcina a Unguwar Dosa, ɗan kwangila ne, ya taɓa nuna mini yarjejeniya ɗaya mai zubi huɗu a wayarsa, kowanne an yi masa suna "na ƙarshe". A biyu daga ciki wa'adin biyan kuɗi ya bambanta, kuma shi da abokin cinikinsa kowa ya rantse nasa ne na gaskiya. Irin wannan gardama kotu takan kai, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, har da shaidar yadda aka samar da ita. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ita ma ta wajabta wa hukumomin gwamnati su adana bayanansu a tsare. Ashe ke nan maganar ta wuce ta ƙawa.

Mene ne manhaja mai buɗaɗɗen tushe? Ita ce wadda aka fito da rubutun da aka gina ta da shi a fili, lasisinta kuma ya yarje wa kowa ya yi amfani da ita, ya bincika ta, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ya soma wannan fafutika a Amurka a 1983 da shirin GNU. Mutane da yawa sun ɗauka amfaninta shi ne ba a biyan kuɗin lasisi. Ni kuwa a ganina babban amfaninta shi ne babu mai rufe maka ƙofar ɗakinka ya tafi da mabuɗi.

Ga misali. Masu gina manhajar Linux sun yi shekaru suna ajiye tarihin aikinsu a wata manhaja ta kamfani mai suna BitKeeper, wadda aka ba su aro kyauta. A 2005 kamfanin ya janye aron. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Nan take Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git, wadda yanzu duniya ke amfani da ita. Hikimar Git ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure, domin kamar isnadi take. Kowane zubi yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da lokacin, da kuma wata lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa haɗe da lambar zubin da ya gabace shi. In wani ya koma baya ya sauya ko harafi ɗaya, lambobin da suka biyo baya ba za su dace ba, asirinsa ya tonu.

Amma fa kada in ruɗe ku. Git ta fi dacewa da tsuran rubutu. Ba ta nuna bambanci sosai tsakanin takardun Word ko waɗanda aka ɗauki hotonsu, kuma sakatare zai sha wuya kafin ya saba da ita. Ga ƙaramin ofis akwai Nextcloud, wadda aka soma a Jamus a 2016: tana ajiye tsohon zubi da kanta duk sa'ad da aka gyara takarda, sai dai tana rage tsofaffin zubi in sun daɗe ko in wuri ya ƙure, don haka dole a duba saitinta. Ga ma'aikatar da takarda ke bin hannu-hannu akwai irin su Mayan EDMS da Alfresco, masu tsara wanda zai gani da wanda zai amince. Alfresco kuwa wani kamfani mai suna Hyland ya saye ta a 2020, abin da ke nuna cewa ya kamata a san mai riƙe da ragamar manhaja kafin a ɗora mata kaya.

Saboda haka ina ba da shawarar a yi wa kowace manhaja tambayoyi huɗu.

Ta farko, tana nuna wanda ya gyara takarda, da abin da ya gyara, da ranar, ta yadda ko babban jami'i ba zai share sawunsa ba?

Ta biyu, in muka so barinta, za mu iya kwashe takardunmu tare da tarihinsu? A gwada wannan tun ranar farko, kada a jira ranar rabuwa.

Ta uku, da wane siga take ajiya? A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan Birtaniya a wasu fayafayai na musamman, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidaya na Domesday. Kafin a yi shekara 20, da ƙyar ake samun na'urar karanta fayafayan, alhali littafin 1086 yana nan ana karantawa. Maganin wannan shi ne siga da aka bayyana wa kowa, kamar PDF/A da hukumar ISO ta amince da shi a 2005, da ODF na 2006 wanda LibreOffice ke amfani da shi. Mu kuma muna da namu ciwon: takardun Hausa da aka buga da haruffa na musamman kafin tsarin Unicode ya yaɗu, in an buɗe su a wata kwamfuta sai ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe. A jarraba manhaja da kalmomi irin su "ƙasa" da "kasa", a ga ko tana rarrabewa wajen bincike.

Ta huɗu, wa zai kula da ita? Araha ba ta ado. Lasisi kyauta ne, amma babbar kwamfutar ajiya, da wutar da ba ta yankewa, da kwafin ko-ta-kwana a wani gini dabam, da horar da ma'aikata, duk kuɗi ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsaronsu. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfuta wajen 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Sauyin da ba a kafa shi a kan ma'aikata da tsari mai ɗorewa ba, sauyin shugabanci kaɗai ya isa ya girgiza shi.

A nan ne nake kira ga ɗalibanmu. Manhajar nan a buɗe take, ba mai hana ku koyonta, kuma ofisoshin Kaduna suna bukatar wanda zai girka ta ya zauna kusa da ita, ba wanda za a jira daga ƙetare ba. Ku kuma ma'aikata, kafin a sayo ko na'ura ɗaya, ku rubuta ƙa'idar ofis: yadda ake yi wa takarda suna, da wanda ke da ikon gyara, da lokacin da za a kulle zubin da aka sa wa hannu. Tsohon akawu ya yi wannan da zare da hatimi. Manhajar da ta kasa yin abin da ya yi, kome kyanta, ba ta cancanci fayil ɗinmu ba.