Hutun Haraji da Farashin Tiya: Jawabi ga 'Yan'uwa Malamai

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai na Anka da Gummi da Bukkuyum.

An nemi in amsa tambayar da ta yawaita a ɗakunan malamai: idan gwamnati ta ce ta ɗage haraji na ɗan lokaci, me ya hana farashin tiya sauka washegari?

Sau biyu muka shaida irin wannan. A ranar 2 ga Oktoba 2023, cikin yarjejeniyar Gwamnatin Tarayya da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, an amince a dakatar da harajin VAT a kan man dizal na wata shida. Sai kuma a Yulin 2024 aka janye kuɗin fito da VAT a kan shigo da masara, gero, dawa, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, har zuwa 31 ga Disamba na shekarar.

A jihar Texas ta Amurka, inda ake hutun haraji kowane Agusta kafin komawa makaranta, a gaban mai saye ake cire harajin daga kuɗin tufafi da kayan karatun da ba su kai dala 100 ba. Namu ba haka yake ba, saboda dalilai uku.

Na farko, a tashar jiragen ruwa da kan iyaka ake karɓar kuɗin fito, ba a kasuwar Gummi ba. Rangwamen na 2024 kuma an ba kamfanonin da suka shekara biyar suna aiki ne. A lokacin, mai shigo da shinkafa sai yana da injin da ke gyara tan 100 a rana. Kafin sauƙin ya iso gare mu, sai ya ratsa hannun dillali da mai mota da mai awo.

Na biyu, geron da muke aunawa tun asali babu VAT a kansa, domin doka ta keɓe abincin yau da kullum. Abin da ba a ɗora ba kuwa, ba a sauke shi.

Na uku, lissafi. VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari: man naira 1,075 zai koma 1,000. A raba wannan naira 75 a kan buhunan da mota ta ɗauko, me ya rage wa tiya ɗaya? Abin da ke tsawwala mana farashi shi ne hatsarin hanya da gonakin da rashin tsaro ya hana nomawa, kuma hutun haraji ba ya warkar da su.

Saboda haka, kada ɗayanmu ya ci bashi don ya ji sanarwa a rediyo. Gani ya kori ji. Mu riƙa tambaya: wane haraji ne, a ina ake karɓarsa, yaushe wa'adinsa zai cika? Ina kuma roƙon reshe ya tsara mana adashi mu sayi hatsi da kaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan shugabanninmu sun zauna teburin sulhu, su tuna cewa abin da ya shiga albashi ya fi tabbas a kan rangwamen da ke biyo doguwar hanya. Lissafin nan kuwa, mu kai shi allon aji shida, yaranmu su iya shi tun da wuri.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.