Abin da Tarwada Ke Iya Narkarwa

A Mubi, mai kiwon tarwada ba ya rasa kayan haɗa abinci: ga waken suya, ga ƙuliƙuli, ga dusar masara, ga jini daga mayanka. Sai dai ba duk abin da kifi ya haɗiye ke zama tsoka ba.

Ɗanyen waken suya na ɗauke da sinadarin da ke hana furotin narkewa, dole a soya shi. Jini in ya ƙone wajen busarwa, amfaninsa ya ragu. Dusa kuwa in ta yi yawa, a kashi take fita, ruwan ya gurɓace, ya fara wari.

Abinci ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Ya kamata masanan kifi na Jami'ar Jihar Adamawa su kai wa masu kiwon tarwada wannan bayani da Hausa da Fulatanci.