Ina Masu Awarar Layinmu Suka Shiga?



Yau kan awara za mu tattauna. Eh, awara dai da kuka sani. A layinmu akwai wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana suyarta, da ita ta riƙa biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Yanzu ta kife kaskon. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Ɗan nan, wahalar ta fi ribar."

To mu bi lissafin tare.

Na farko, waken suya. Mai awara kwano biyu ko uku take aunowa, alhali kamfanonin abincin kaji da masu tatsar mai mota-mota suke ɗauka. Idan suka shiga kasuwa farashi ya tashi, ita ba ta da ta cewa.

Na biyu, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin markaɗe ya hau, domin injina da yawa da mai suke aiki. Ga icen dafa madarar waken, ga man suya, ga yaji.

Na uku, su wa ke saye? 'Yan makaranta, almajirai da leburori, waɗanda aljihunsu ma ya bushe. Ba ta isa ta ƙara kuɗi ba, sai dai ta rage yanka. Tana ragewa masu saye suna guduwa.

Na huɗu, awara ba ta son kwana, musamman lokacin zafi. Babu wuta, babu firij, kwantai ɗaya ya isa ya taɓa uwar kuɗi. Sannan daga cikin cinikin nan ake cefanen gida.

Kar mu ɗauki abin da wasa, jama'a. Awara ce naman talaka. Idan ta ɓace, yara sun rasa abinci mai gina jiki, iyayenmu mata kuma sun rasa sana'ar da suke yi daga cikin gida.

Me za mu iya yi? Mu taimaka musu su haɗa adashe, su sayi buhu lokacin kaka kafin wake ya yi tsada. Mu tallata musu a WhatsApp. Kai kuma mai cin bashin awara, don Allah je ka biya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.