Kaba Ma Dukiya Ce

Yau zancenmu a kan kaba ne.

Kowa ya san kaba a fadamar Haɗeja. Da ita muke saƙa tabarma da faifai, mu tufka igiya. Waɗansu suna raina wannan aiki, wai na marasa abin yi ne. Sun yi kuskure.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2021 don girmama sana'o'in fasaha, irin su saƙa da rini da kiɗa, domin su ma suna ciyar da mutane. Mu shaida ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da ke malala a fadama ya ragu, kifi ya ragu. Shekarar da gona ta ƙi, kuɗin tabarma ke sayen hatsi.

Amma wanda bai iya lissafi ba, dillali ke cin guminsa. Saboda haka ku riƙe karatu. Kowa ya rubuta tabarma nawa ya saƙa, kwana nawa ta ci, nawa aka saya. Ku koya wa yara saƙa. Kada ku sare goruba, ita ce uwar kaba.

Allah ya taimake mu, amin.