Sharar Bayan Ƙaura: Jawabi Kan Mayar da Na'urar Wasa Tsohuwar Manhajarta



Abin da zan yi magana a kai shi ne tarkacen da ke saura a cikin na'urar wasan bidiyo bayan an mayar da ita kan tsohuwar manhajarta ta asali, wato wadda ke tafiyar da na'urar tun daga kunnawa. Masu yin haka suna da dalili. A 2010 kamfanin Sony ya fito da manhaja mai lamba 3.21 ta PlayStation 3, wadda ta cire damar ɗora Linux, alhali wasu saboda wannan damar suka sayi na'urar.

To, amma komawa baya ba ta shafe sawu. Mu ɗauki Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017. Tarkacenta iri uku ne.

Na farko, bayanan ajiya da sabuwar manhaja ta rubuta bisa nata tsarin. Tsohuwar ba lalle ta iya karanta su ba, har na'urar takan ƙi tashi. Waɗannan su ake sharewa, galibi ta hanyar mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, tare da sanin cewa ajiyar wasanni za ta tafi.

Na biyu, makullai da takardar shaida waɗanda kowace na'ura ke da nata ita kaɗai. Jahili ya gan su sai ya zaci shara ce. Wanda ya goge su ba zai ari na maƙwabcinsa ba.

Na uku, abin da tsintsiya ba ta kai wa. Akwai ƙananan fiyus a ƙwaƙwalwar na'urar, waɗanda wasu sababbin manhajoji ke ƙonawa. Da an kunna sai a ƙirga su. In ƙonannun sun wuce adadin da tsohuwar manhaja ta sani, ba za ta tashi ba sai da wata dabara. Nan kam bakin alƙalami ya bushe.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku taɓa komai, ku kwafe ma'ajiyar cikin na'urar baki ɗaya ku adana a wani wuri dabam. Fayil ɗin da ba ku san aikinsa ba kuwa, ku bar shi. Ku kuma sani kamfani na iya hana na'urar da aka yi wa kwaskwarima shiga dandalinsa na intanet.