Zubar Taurari: Asalinta da Lokutanta

A daren 12 ga Nuwamba, 1833, wayewar 13, mutanen Amurka suka farka suka tarar sama tana ta zubo da wuta kamar tartsatsin maƙera. Da yawa suka sakankance cewa tashin alƙiyama ne ya zo. Amma da wani daren ya yi, ba tauraro ko ɗaya da ya bar mazauninsa.

Abin da ya zubo ƙura ce. Tauraro mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da turɓaya; duk sa'ad da ya kusanci rana sai ƙanƙarar ta zama tururi, ya bar ɓarɓashi a bisa tafarkinsa. Duniya kuwa, cikin kewayen da take yi wa rana, takan ratsa tafarkin nan a lokaci guda kowace shekara. Ƙwayar da ba ta fi tsakuwa ba sai ta afko cikin iska da gudun kilomita 71 a daƙiƙa, ta ƙone ƙurmus tun tana nisan kilomita wajen 100 daga ƙasa. Ɓarɓashin Nuwamba na tauraron Tempel-Tuttle ne, mai dawowa bayan shekara 33. Shi ya sa aka sake ganin gagarumar zuba a 1866 da 1966.

Akwai wata zubar a tsakiyar Agusta, sai dai gizagizan damina kan rufe ta a ƙasar Hausa. Ta 13 da 14 ga Disamba ta fi ganuwa, muddin hazon hunturu ya yi sauƙi. Mai kallo ba ya bukatar madubin hangen nesa. Ya dai fita bayan tsakar dare, nesa da fitilun gari, domin a sa'an nan ne ɓangaren duniyar da yake kai ke karo da ƙurar gaba da gaba.