Wa Ya Sa Wa Gafara Farashi?

 

Ba zan tsaya bayanin Romawa sura 3 ko Afisawa sura 2 ba, kowane fasto da malamin tauhidi a ɗakin nan ya ci jarrabawa a kansu. Mun yarda mutum yana samun gafarar zunubi da ceto ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, bisa ga alherin Allah, kuma babu aikin da zai yi ya saye su. A takarda babu mai gardama. Rigimata da wasunku, wadda kun san ta daɗe, a kan abin da ɗan ikkilisiya yake gani da idonsa ranar Lahadi take. Da baki muna cewa kyauta ce, amma mun buɗe wuraren biya guda biyu: a ɗaya ana biya da kuɗi, a ɗayan ana biya da kunya.

Ku buɗe Matiyu sura 18, misalin bawan da sarki ya yafe wa bashi. Ɗalibaina sun gaji da jin wannan lissafi, amma zan sake yinsa, domin yawancin masu wa'azi suna tsallake shi su ruga wurin darasi. Sarki yana bin bawan talanti 10,000. Shi kuma bawan yana bin ɗan'uwansa dinari 100. Dinari guda ladan yinin ɗan ƙwadago ne, kamar yadda misalin ma'aikatan gonar inabi ya nuna a sura 20. Talanti guda kuwa dinari 6,000 ne. Ke nan bashin bawan ya kai dinari miliyan 60. A ce mutum yana aiki kwana 300 a shekara, bai ci ba, bai sha ba, bai ɗinka wa iyalinsa ko ɗankwali ba, sai ya shekara 200,000 kafin ya biya. Masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya rubuta cewa kuɗin shigar da Arkilawus ɗan Hirudus yake samu daga Yahudiya da Samariya da Idumiya a shekara talanti 600 ne. Bashin mutum ɗaya ya ninka abin da ƙasa guda take tarawa fiye da sau 16. Waɗanda suka ji misalin daga bakin Ubangiji sun gane nan take cewa wannan bashi ba ya biyuwa.

Ga wurin da nake so ku tsaya. Bawan bai roƙi a yafe masa ba. Lokaci ya roƙa, ya yi alkawari zai biya duka. Har a durƙushe yana zaton akwai abin da zai iya kawowa. Sarki bai karɓi tayinsa ba, bai yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk wata ba, bai ce ya kawo rabi ba. Ya soke bashin ɗungurungum. Idan ka ce wa mai zunubi ya kawo wani abu, komai ƙanƙantarsa, domin ya ƙarasa abin da gicciye ya fara, to tayin bawan ka karɓa, wanda sarki da kansa ya ƙi. Kuma ina ganin wannan ne ya sa bawan ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ladan wajen wata huɗu. Wanda bai yarda an yafe masa kyauta ba, har yanzu lissafi yake yi, mai lissafi kuwa ba ya barin kwabonsa a hannun kowa.

To, wurin biya na farko. Kun ga ambulan ɗin da ake rabawa a tarurrukan farkawa, an buga adadin kuɗi a jiki, an ce shuka iri ne. Kun ga ƙaramar kwalbar man zaitun da ake sayarwa a bakin ƙofa ninkin kuɗinta na kasuwa. Ana kiran masu dubu hamsin su fara fitowa a ɗora musu hannu, gwauruwa mai ɗari biyu a ƙulle a bakin zane tana zaune tana kallo, ta koma gida da tunanin cewa Allah ma layi yake bi. Za a ce mini albarka ake nema da wannan, ba gafara ba. Ku je ku tambaye ta ko ta ga bambancin. Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, kun kuma san amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8.

Tarihin 1517 ba baƙo ba ne a nan: Yohanna Tetzel da takardun sassauta hukunci, ginin majami'ar Bitrus a Roma, Martin Luta da batutuwansa 95 a Witenbag. Abin da ba ma son faɗi shi ne, Fafaroma Pius na Biyar ya haramta haɗa irin waɗannan takardu da kuɗi tun 1567. A ranar 31 ga Oktoba 1999 kuma, a birnin Ogsbag na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa, Metodis suka bi sahu a 2006. Waɗanda muke zargi sun rufe kasuwar, mu jikokin Luta muka sake buɗe ta.

Wurin biya na biyu ya fi mini ciwo, domin a ikkilisiyoyinmu na gado yake, masu tsari da kundin doka. Yarinya ta yi ciki ba aure. Ta zo gaban dattawa ta yi kuka, ta tuba. Sai a karanta sunanta a gaban jama'a, a yanka mata wata shida ko shekara a bencin baya. Ranar Jibin Ubangiji faranti ya zo layinta, dattijo ya ɗaga hannu ya tsallake ta, tana sunkuye da kai. Wanda ya yi mata cikin ya bar gari, ko kuwa ɗan wani ne. Mai cin kuɗin jama'a da mai danne gadon marayu suna bencin gaba, su ne manyan baƙi ranar ƙaddamar da gini. Ban ce a soke horo ba. Horo a Sabon Alkawari na wanda ya ƙi tuba ne, manufarsa kuma a komo da shi. Da mutumin da aka hore a ikkilisiyar Koranti ya tuba, Bulus ya umarci ikkilisiya a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, ta yafe masa ta ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya cinye shi. Ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23 bai yi zaman gwaji ko na yini ɗaya ba.

Na san abin da za a ce: idan aka sauƙaƙa gafara, matasa za su sake jiki. An yi wa Bulus wannan tambaya, ya amsa ta a Romawa sura 6. Wasu za su ɗauko Yakubu sura 2. Yakubu yana maganar 'ya'yan da bangaskiya mai rai take haifarwa, kuma sura ɗin da kanta da tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujerar gaba ta fara. Ku karanta ta daga aya ta fari.

Abin da nake roƙo na sha faɗarsa a majalisu. A daina kiran baiko da adadi, a daina ɗora hannu bisa ga nauyin ambulan, kuma faston da ya sayar da mai ko ruwa da sunan Allah ya amsa tambaya a gaban majalisarsa. A sake duba dokar horo: wanda ya tuba a karɓe shi a teburin Ubangiji, a haɗa shi da dattijo ko uwa a zumunta mai bi da shi, a bar ƙidayar watanni. In kuwa za a yi horo, ma'auni ɗaya ya hau kan 'yar talaka da mai kuɗi. Makarantunmu na tauhidi kuma kada su yaye ɗalibin da ba zai iya bayyana baratarwa da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba mu da uzuri.

Iyayena shugabanni, dokokin nan ku kuka rubuta su, ku ne kuma kuke da ikon gyara su. Ina roƙonku ku sa batun horo da na baiko a ajandar babban taronku mai zuwa.